Masu ba da rance sun tona min asiri, maigidana ya ce in ajiye babbar waya

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku, ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga cikin gida. Kusan duk cinikina a WhatsApp nake yin sa: in ɗora hoton kaya, a zaɓa, a turo kuɗi, in aika yaro ya kai. Ana gab da ƙaramar Salla jarina ya karye, sai wata ƙawata ta turo min wata manhajar ba da rance. Na ci bashin naira dubu 40 ban gaya wa maigidana ba. Abin da ya shigo asusuna bai kai haka ba, aka kuma ce in biya cikin kwana bakwai. Na makara da kwana huɗu. Anti, sai ga saƙo ya je wa kusan duk wanda lambarsa ke cikin wayata, haɗe da hotona, wai ni ɓarauniya ce ana nemana ruwa a jallo. Surukata ta samu, malamar Islamiyyar yaranmu ta samu, masu sayen kayana sun samu, har da abokan aikin maigidana. Na biya rabi, amma har yau suna kirana suna cewa za su turo 'yan sanda.

Maigidana malamin makaranta ne, yana yawan rubutu a Facebook kan halin da makarantun gwamnati ke ciki, da ma can yana zargin ana bibiyarsa. Yanzu ya ce babbar waya ta bar gidansa, mu koma ƙarama mai tocila. Ya ce tun da aka haɗa layuka da NIN duk abin da muka faɗa gwamnati na ji, kamfanoni kuma na sayar da mu. In na ajiye wayar nan sana'ata ta mutu. Ni ma kuma tsoro ya shige ni, don wani lokaci ina gama maganar abu sai in ga tallansa. Kwana goma ke nan ba ya sake min fuska. Ina mafita?

Ƙanwarki daga Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma inda na fi daɗewa shi ne wajen saƙon da ya je wa surukarki. Na san abin da hakan ke nufi ga matar aure a garinmu, na san yadda ƙafa ke yin nauyi in za a shiga gidan suna bayan irin wannan. Don haka kafin komai ki cire wa ranki wannan mummunan suna da suka laƙaba miki. Kin ci bashi kin makara, abin da ke faruwa ga manyan 'yan kasuwa a Kantin Kwari kowace rana ta Allah. Wanda ya ɗauki hoton mace ya watsa wa danginta da sunan sata shi ne ya yi aika-aika, a addini da kuma a dokar ƙasa. Kina da naki kuskuren, za mu zo kansa, amma bai kai ya sa a ci miki mutunci haka ba.

Bari in gaya miki yadda suka shigo, domin sanin ƙofar da ɓarawo ya bi shi ke sa a yi barci da daddare. Ranar da kika sauke manhajar, ta yi ta jero miki tambayoyi da Turanci, kina danna amincewa don ki isa wajen kuɗin da sauri. A cikin tambayoyin akwai neman izinin ganin lambobin da ke wayarki, da hotunanki, da saƙonninki na tes. Kina dannawa, cikin 'yan daƙiƙu aka kwashe su zuwa kwamfutocin kamfanin. Jinginarsu ke nan. Ba su nemi fili ko sarƙar gwal ba saboda sun riƙe abin da ya fi su tsada, wato mutuncinki a idon jama'arki. Tun daga ƙarshen watan Mayun 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobi da hotunan mutane, shi ya sa da yawansu suka koma yaɗuwa ta hanyar turawa daga waya zuwa waya, kamar yadda ƙawarki ta turo miki. Ita ma ki ja kunnenta, domin in tana da ita a wayarta, lambobinta na hannunsu.

Abin da suka riga suka kwasa ya kwasu, goge manhajar ba zai dawo da shi ba, ba zan ruɗe ki ba. Amma za ki iya hana su ƙarawa, kuma za ki iya sa abin ya zame musu asara. Kafin ki goge komai, ki tara shaida. Ki ɗauki hoton fuskar wayar a duk inda aka nuna sunan manhajar, da kuɗin da aka ce an ba ki, da wanda ya shigo, da ranakun, da lambobin da suke kiranki da su. Ki roƙi mutum uku ko huɗu cikin waɗanda aka aika wa saƙon su turo miki hotonsa yadda lambar mai aikowa za ta fito. Bayan nan ki shiga saitin, sashen manhajoji, ki janye duk izinin da kika ba ta, sannan ki cire ta. In kin shigar musu da lambobin katin cirar kuɗinki, ki je banki da ƙafarki ki ce a rufe katin a ba ki sabo, don kar a wayi gari an zare miki kuɗin mutane na ciniki.

Sauran bashin kuwa ki biya shi, domin bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba ya faɗuwa don mai shi azzalumi ne. Sai dai ki biya ta banki yadda za ki samu rasit, ki nemi su rubuto miki abin da ya rage a rubuce, kada ki yarda da lissafin baki da ke ƙaruwa duk lokacin da suka kira. Barazanar 'yan sanda kuma kada ta hana ki barci. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, wannan magana ce ta kotun farar hula. Abin da zai iya faruwa da gaske shi ne sunan wanda ya ƙi biya ya shiga rajistar masu tarihin bashi, ya sha wahalar samun rance a banki nan gaba, kuma wannan ma dalili ne na ki sauke nauyin.

Sai ki kai ƙara, kuma ina roƙonki kada ki ce a bar wa Allah kawai. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta daɗe tana fama da waɗannan kamfanoni. A watan Maris na 2022 ta kai samame ofisoshin wasunsu a Ikeja ta Legas, daga baya ta wajabta musu rajista, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. Akwai kuma hukumar kare bayanan jama'a, NDPC, wadda dokar da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta kafa. Wannan doka ta ba ki haƙƙin tambayar kowane kamfani abin da ya ajiye game da ke, da haƙƙin janye amincewarki, da na neman a goge bayananki, kuma tarar da ta tanada ga manyan kamfanoni tana kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Duka hukumomin biyu suna karɓar koke ta intanet. Ba na ce miki gobe za a kamo su ba, aikin hukuma yana da jan ƙafa. Amma da koke-koken mata irinki ne ake rufe manhaja, kuma takardar ƙarar kanta wata shaida ce da za ki nuna wa surukarki cewa ke aka zalunta.

Yanzu mu zo kan maigidanki, don a nan ne ainihin matsalar take. Ina so ki kalle shi da idon tausayi. Mutum ne da ya shiga ɗakin malamai ya tarar ana kallonsa ƙasa-ƙasa, ya ji daga bakin wasu abin da ya kamata ya ji daga bakinki. Ba wayar ce ta fi ƙona masa rai ba, ƙanwata. Abin da ke cin sa shi ne an ci bashi a gidansa bai sani ba, wataƙila ma yana ganin mutane za su ce ya gaza riƙe iyalinsa. Ya rasa jaki ne yake dukan taiki. In kika tsaya kina kare wayar ba ki taɓa wannan ciwon ba, ko da hujja dubu kika zo ba zai ji ki ba. Ki nemi lokacin da ya natsu, yara sun kwanta, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar, ba tare da kin haɗa da "amma" ba. Ki gaya masa nawa kika ci, nawa kika biya, nawa ya rage. Maganar ruwan da ke kan bashin ma kin san hukuncinta ba sai na tsawaita ba, ki nemi gafarar Ubangiji ki rufe wannan babin. Ki bar zancen waya sai wata rana dabam.

In ranar ta zo, kada ki ce masa tsoronsa shirme ne, domin ba shirme ba ne. Rabin maganarsa gaskiya ce. Tun watan Disambar 2020 da aka fara tilasta haɗa layi da NIN, kowane layi yana ɗauke da sunan mai shi da hotonsa da zanen yatsunsa. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su ajiye bayanan masu layi da tarihin zirga-zirgar kiransu na tsawon shekara biyu, wato wa ya kira wa, yaushe, minti nawa, daga yankin wane turken sabis. A 2019 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar da ƙa'idojin da suka ba wasu hukumomin tsaro damar sauraren sadarwa da izinin alƙali, har ma a fara ba tare da izinin ba in an ce lamarin gaggawa ne, a nemo shi cikin awa 48. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ba da rahoton yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kira suka gano makusantan wasu 'yan jarida, suka bi ta kansu suka kamo su. A ƙarshen shekarar kuma cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta lissafa Najeriya cikin ƙasashen da ake ganin suna amfani da na'urorin wani kamfani mai suna Circles, masu gano inda waya take da tare kira da tes. Don haka malamin da ke sukar hukuma a fili yana da dalilin yin taka-tsantsan.

Ga inda lissafinsa ya kuskure, kuma ina so ki fahimci wannan sosai don ki iya yi masa bayani cikin ladabi. Duk abubuwan da na lissafa a sama sun fi kama ƙaramar waya fiye da babba. Ƙaramar waya mai tocila ita ma da layi take aiki, layin kuma yana haɗe da NIN, tana kuma gaisawa da turken sabis mafi kusa duk inda aka je da ita. Kiran da ake yi da ita da tes ɗin da ake turawa ta hannun kamfanin sadarwa suke bi, a inda za a iya saurarensu in an so. Saƙon WhatsApp kuwa tun 2016 a kulle yake tafiya daga wayar mai aikawa zuwa ta mai karɓa, kamfanin layi ba ya iya karanta shi, shi kansa kamfanin WhatsApp ba ya iya buɗe abin da ke ciki. Wato in gudun kunnen hukuma ne ya sa zai koma ƙaramar waya, ya gudu daga ɗaki mai ƙyaure ya koma rumfa. Abin da ƙaramar waya ke karewa shi ne kwaɗayin kamfanoni, tunda ba a sauke mata irin waɗannan manhajoji. Wannan kuwa ana iya samunsa a babbar waya in an tsare ƙofofinta.

Kar kuma ki ɗauka WhatsApp waliyyi ne. Abin da ke cikin saƙo a kulle yake, amma kamfanin Meta mai shi yana sanin lambarki da lambobin da kike hulɗa da su da lokutan da kike hawa da irin wayarki. A watan Yulin 2024 FCCPC ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraren irin waɗannan ƙararraki ta tabbatar da tarar a watan Afrilun 2025. Akwai kuma manhajojin leƙen asiri masu tsadar gaske irin su Pegasus, wadda aka yi amfani da ita a 2019 aka kai wa kimanin mutum 1,400 hari ta WhatsApp a ƙasashe daban-daban. Irin wannan makami ba a ɓarnatar da shi a kan mai sayar da turaren wuta, an fi auna shi ga 'yan jarida da 'yan adawa da masu fafutika. Na kawo shi ne don maigidanki ya san cewa ba wata waya da ta gagari kowa, kuma abin da ake nema shi ne a rage ƙofofi.

Wani abu da ya kamata ya sani, wanda na ga mutane da yawa suna mantawa: yawancin waɗanda suka shiga hannu saboda magana ba sauraren wayarsu aka yi ba. Abin da suka rubuta a bainar jama'a aka karanta, ko kuma wani ɗan cikin zaurensu na WhatsApp ya ɗauki hoton maganar ya kai gaba. Akwai wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kama a ƙarshen 2022, a kan rubutun da ya yi a Twitter ne, wanda kowa ke iya gani. Kulle saƙo ba ya maganin ɗan tsegumi a zaure mai mutum ɗari biyu. Ni ba zan ce wa maigidanki ya yi shiru ba. Malamin da ya ga yara na zaune a ƙasa, rufin aji na yoyo, ya faɗa, ya yi aikin da ya kamata, kuma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, sashe na 39 kuma ya ba shi 'yancin faɗin ra'ayi. Abin da zai kare shi shi ne ya rubuta abin da ya gani da idonsa, ya riƙe hujjarsa, ya soki aiki ya bar zagin mutum, kada ya yaɗa abin da bai tabbatar ba. Ya daina ɗora hoton ƙofar gidanku da kayan makarantar yaranku. Ya kuma ajiye lambar wani lauya a takarda, ke ma ki san inda take.

Zancen tallan da ke biyo maganarki kuwa, masu talla ba sa buƙatar kasa miki kunne kafin su san abin da ke ranki. Abin da kika nema a Google jiya, hoton da kika daɗe kina kallo a Instagram, unguwar da kike, abin da ƙawayenki ke bincika, lokacin Salla da ya ƙarato, waɗannan sun ishe su su yi hasashen da zai ba ki tsoro. Duk da haka ki duba da kanki. A wayoyin Android na 'yan shekarun nan wani ɗan koren ɗigo yana bayyana a saman fuska duk lokacin da wata manhaja ta kunna makirufo ko kyamara. Ki shiga wajen izini ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki tambayi kanki: me ya haɗa manhajar tocila da lambobina, me ya haɗa wasan yara da wurin da nake? Duk wadda ba ta da amsa ki janye mata izini, wadda ba ki buɗe ba wata uku ki cire ta. A sashen Google na saitin akwai wajen talla, inda za ki goge lambar da ake bin sawunki da ita. Manhajojin nan masu nuna sunan wanda ya kira ki ma ki yi tunani a kansu, don da yawansu da littafin lambobin mutane suke gina rumbunsu. Lambobin da ke wayarki amana ce ta masu su, ba ke kaɗai abin ya shafa ba, kin kuma ga hakan da idonki.

A WhatsApp ɗin kansa abu uku nake so ki yi a zama ɗaya. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi lamba shida da ba ranar haihuwarki ba ce, ita ce za ta hana a sace miki asusun a dinga roƙon kuɗi da sunanki. Ki kunna kulle ajiyar hirarraki, domin kwafin da ke tafiya Google Drive ba ya samun wancan kullen sai an kunna masa da hannu, damar da aka kawo a 2021. Sannan ki saita yadda hotonki ba zai bayyana ga wanda ba ki ajiye lambarsa ba, kuma ba kowa zai jefa ki cikin zaure ba. Lamba shidan nan da ke zuwa ta tes kada ki karanta wa kowa ita, ko da ya ce daga banki yake ko daga ƙungiyar tallafi. Shi kuma maigida, in yana da maganar da yake so ta tsaya tsakaninsa da aminansa, manhajar Signal ta fi ƙarancin tara bayanai, kyauta ce kuma. Ya sani cewa hirar Telegram ta yau da kullum ba ta da irin wannan kullen, duk da yadda ake yabonta.

Sauran ɓarakar ba a cikin waya take ba, a bakin titi take. Takardar NIN da muke bari a shagon kwafi, lambar BVN da muke karanta wa duk wanda ya ce ana rabon tallafi, layin da muke yi wa ɗan maƙwabta rajista da sunanmu don tausayi, wayar da muke miƙa wa mai gyara a buɗe da hotunan iyali a ciki. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. Layin da aka yi wa rajista da sunanki, duk abin da aka aikata da shi ƙofarki za a fara ƙwanƙwasawa. In za ki kai gyara ki cire layi da katin ajiya, ki tsaya a kai in da hali. Saƙonnin talla da ke damun layinki kuma ki tura STOP zuwa 2442, in kamfanin layin ya ƙi ji ki kira NCC a 622, kyauta ne.

To, da me za ki je wa maigida? Ki je masa da tayi, kar ki je da gardama. Ki ce masa kina so ku zauna tare ku tsabtace wayoyin nan biyu, taki da tasa, ya gani da idonsa abin da aka cire da abin da aka kulle. Wannan zaman tare yana da muhimmanci, domin mijin da bai huce daga ɓoyon bashi ba, in ya ga kwatsam kin cika waya da lambobin sirri, wata fassarar zai yi. Ki ba shi shawarar a raba layi: ɗaya na sana'a a babbar waya, ba lambar dangi ko ɗaya a ciki, ba hoton iyali, ba wata manhaja sai ta ciniki da ta banki, ɗaya kuma na gida a ƙaramar wayar da yake so. Kin ga ya samu abin da ya nema, ke ma ba ki rasa kasuwarki ba, kuma ko gobe wani abu ya faru da wayar sana'a, ba zai kai ga surukarki ba. Ki yi masa alkawarin ba sauran rance ta waya, in jari ya yi ƙasa akwai adashi, akwai karɓar kaya a hannun dila a biya bayan an sayar, akwai shi kansa. Ki nuna masa lissafin abin da sana'ar ke shigowa da shi a wata, kuɗin Islamiyya da na cefanen da take toshewa, don ya auna da idonsa abin da za a rasa. Ku sa wa'adin wata biyu ku gwada.

In ya ce yana so ya san lambar buɗe wayar sana'ar, ni ban ga aibu ba, musamman a wannan lokaci da ake ɗinke ɓaraka. Sai dai ku fahimci juna cewa hirar mata masu sayen kayanki sirrinsu ce, wata tana gaya miki ramammen aljihunta, wata rigimar gidanta. Ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane ba hukuma da kamfani kaɗai ta shafa ba, ta shafi cikin gida. Ina kyautata masa zaton zai gane haka, tunda shi ma ya ɗanɗani zafin leƙe.

In kuma ya kafe, kada ki ɓoye waya a ƙasan akwati, wannan maimaita kuskuren farko ne, kuma na biyun ya fi wuyar gyaruwa. Ki karɓi hukuncinsa na ɗan lokaci, ki miƙa wa ƙanwarki ko wata amintacciya wayar sana'ar ta riƙa ɗora kaya tana karɓar oda, kina ba ta wani abu a kan kowane ciniki, ke kuma kina haɗa kaya daga gida. Bayan ƙura ta lafa ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin unguwa ko wani abokinsa da ya san harkar waya, ya yi masa bayanin nan na ƙaramar waya da babba. Sau da yawa namiji ya fi karɓar irin wannan daga bakin ɗan'uwansa namiji, ba don taki ba ta da nauyi ba, sai don zuciyarsa na kare kanta daga gare ki a yanzu.

Surukarki kuwa kada ki aika mata saƙo, ki je da kanki, da izinin ɗanta, in da hali ma tare da shi. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki gaya mata abin da ya faru daga farko har ƙarshe da bakinki, ki nuna mata rasit ɗin biya. Tsofaffinmu sun san bashi, sun san sharrin mai bin bashi, abin da ba sa so shi ne su ji a waje. Ga masu sayen kayanki da sauran jama'a, layi uku sun isa: cewa wani kamfanin rance ya kwashi lambobin wayarki ba bisa ƙa'ida ba ya aika saƙon ƙarya, kin kai ƙara gaban hukuma, kina ba su haƙuri, kuma duk wanda aka sake tuntuɓa ya toshe lambar ya turo miki hotonta. Ki tura sau ɗaya, kada ki yi ta maimaitawa, washegari ki ɗora hoton sababbin atamfofinki kamar yadda kika saba. Za ki sha mamakin yawan matan da za su biyo ki ta bayan fage su ce su ma an yi musu, kuma duk wadda ta zo ki nuna mata inda ake janye izini da inda ake kai koke.

Allah Ya huci zuciyar maigidanki, Ya mayar miki da jarinki da albarka. Ki sake rubuto min bayan wata biyun nan in ji yadda kuka ƙare da shi, da kuma abin da hukumomin suka ce miki.